Yarinyar da Aka Aika Ɗebo Wuta

A duk shekarun da na yi ina koyar da manya karatu, akwai wata Laraba da har yanzu in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi. Ku da kuke shiga aikin yanzu kun sha tambayata dalilin da ya sa nake cewa a yi hattara da wasan ƙirƙirar mutane a aji, alhali ni ce kan gaba wajen koyar da shi. To, ga abin da ya faru.

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan na farkon shekarun saba'in aka yi wa maigidana canjin wurin aiki. Malamin firamare ne. Aka ɗauke shi daga Gaya aka kai shi wani ƙauye tsakanin Toranke da Gafasa, a ƙasar Ajingi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Ni kuwa na gama firamare, na yi ɗan kwas na yaƙi da jahilci, sai aka ba ni ajin matan aure. Tsarin lokacin shi ne malama ta riƙe aji a ƙauye, a samanta kuma akwai oganeza, wato jami'in da yake zagaya azuzuwa yana dubawa, ya kai rahoto ofis. Namu oganezan Malam Isiyaku ne, wani dogo mai yawan raha, a kan keke yake tahowa daga Gaya. Da yake matan suna cikin kulle, iyakarsa zaure. Nan nake fitowa mu yi magana.

A gidan mai unguwa, Malam Haladu, muke yin ajin, ƙarƙashin wata rumfar kara a tsakar gida, daga bayan azahar zuwa la'asar. Da fari abin bai yi armashi ba. Mace ta gama daka da surfe, ta zo ta zauna tana maimaita haruffa kamar ƙaramar yarinya, sai hamma. Da na kai kuka wurin Malam Isiyaku, sai ya ce, "Malama Rakiya, akwai wata dabara da aka nuna mana a wani kwas a Kano. Gwada ta ki gani."

Dabarar ita ce wasan gari. Za a zana gari a ƙasa da toka: gidaje, kasuwa, rijiya, masallaci. Kowace ɗaliba ta ƙirƙiro mutum guda wanda babu shi a duniya, ta zaɓi wani ɗan abu ya tsaya a madadinsa, ko tsakuwa ko ƙwallon goriba ko marfin kwalba. Sai in yi mata tambayoyi: mene ne sunansa, ɗan gidan wa, me ya taɓa samunsa a baya, me yake tsoro, me yake nema. Ita ce za ta rubuta sunan a allonta. Ni kuma nake jan labarin. In ce yau rijiyar gari ta ƙafe, ko ɓarawo ya shiga kasuwa, kowacce ta faɗi abin da mutuminta zai yi. In ana so a san ko ya yi nasara, sai ta zaro kalma daga cikin ƙoƙo. Ta karanta daidai, ya yi nasara. Ta kasa, ya faɗi. Da gangan muka tsara haka, don kada wani ya ce caca ake yi a gidan mai unguwa.

Abin ya karɓu fiye da zatona. Wata Hajara mai barkwanci ta ƙirƙiro mahauci mai tsoron akuya, wai tun yana yaro wata ta tunkuye shi a gaban budurwarsa. Wata ta yi ungozoma mai mantuwa. Matan da ba sa iya riƙe alli suka dage da karatu, don kada mutanensu su sha kunya. Da yake yawancinsu ba su san wani gari ba, sai garin wasan ya fito sak nasu, har da gidan mai unguwa a tsakiya.

Mutum biyu ne ba sa shiga. Ta farko Iya Kulu, mahaifiyar mai unguwa, tsohuwa tukuf, wadda take zama a bakin ɗakinta tana kaɗi, tana jinmu tana murmushi. Ta biyu Barira. Baƙuwa ce, daga can arewa mai nisa. Wani saurayi na ƙauyen, Sani, ya auro ta a wurin cin rani, kuma ba ta fi wata huɗu ko biyar a garin ba. Ba ta da kowa a nan. Tana zuwa aji kullum, tana koyon haruffa da kyau, amma in na ce ta yi nata mutumin sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ban iya ƙarya ba." A yi dariya a wuce.

Ranar Larabar nan ana cikin damina, gari ya yi luf, hadari yana haɗowa daga gabas. Mun zauna ke nan, sai na ga Barira ta miƙa hannu ta ɗauki wani tsingaro, ɗan guntun fasasshiyar tukunya da ke yashe a gindin rumfa, ta ajiye shi a bakin zanen garin.

Na ji daɗi. Na ce, "Madalla, yau Barira ta yi baƙo. Wane ne?"

Ta ce, "Yarinya ce. Sunanta Tasalla."

"'Yar gidan wa?"

Ta nuna gidan da ke tsakiya. Hajara ta ce, "Iye, 'yar sarauta ce ma!" Aka yi dariya. Barira ba ta yi ba. Idonta yana kan tsingaron, muryarta kuma ta yi wani irin laushi, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta abin da aka rubuta mata.

Ta ce, "Ba ta wuce shekara bakwai ba. Bahaguwa ce. Tana da cindo a hannun hagu. Ba ta shan miyar kuka, in an matsa mata sai ta yi amai."

Na ce, "To, me ya same ta a baya?"

"Yayarta ce ta aike ta ɗebo wuta. Da safe ne, an kwana ana ruwa, murhun gidan ya mutu. Innarsu ta ce yayar ta je, ita kuma tana jin sanyi, sai ta ba ƙaramar tsingaro ta ce ta ruga."

"Me take tsoro?"

"Kukan gauraka."

"Me take nema?"

Sai ta ɗora yatsa a kan zanen gidan mai unguwa, a katangar yamma, ta ce, "Hanyar shiga. Ta nan ta fita, ta gindin ɗorawa. Ta dawo ta tarar an toshe. Tana ta zagayawa, wutar tana hannunta."

Wani ƙaramin sauti muka ji a bayanmu. Mazarin Iya Kulu ne ya faɗi, ya gangaro har bakin tabarmarmu, zaren yana warwarewa. Tsohuwar tana zaune yadda take, hannunta a sama kamar har yanzu tana riƙe da shi, bakinta a buɗe. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Ni ban fahimci komai ba. Amma wata dattijuwa a cikin ɗalibaina ta fara salati ƙasa-ƙasa, ta ɗauki allonta ta fita ko sallama babu. Kafin ruwan ya sauko rumfar ta watse, saura ni da Barira. Ta ɗago kai ta dube ni da idon wanda aka tasa daga barci, ta ce, "Malama, ban yi daidai ba ne?"

Da maigidana ya dawo daga masallaci da yamma ya zo mini da labarin, don tuni ya gama gari. Iya Kulu ta taɓa yin ƙanwa mai suna Tasalla, bahaguwa, mai cindo. Ta ɓata tun kafin a haifi mai unguwa da shekaru masu yawa, wata safiya ta damina. An bi fadama, an leƙa rijiyoyi, an aika ƙauyuka, ko zanenta ba a gani ba. A wannan gida na mai unguwa aka haife su, don auren gida aka yi wa Iya Kulu, kuma a da ƙofar gidan yamma take kallo, gindin wata ɗorawa da aka daɗe da sarewa. Bayan ɓatan yarinyar mahaifinsu ya toshe ta ya fasa wata ta gabas, don ya ce ba zai iya ci gaba da kallon hanyar ba. Tsofaffi ƙalilan ne suka san wannan, kuma ba maganar da ake yi ba ce.

Washegari na je wurin Barira na tambaye ta wa ya ba ta labarin. Ta rantse mini babu. Ta ce, "Ina zaune ne na ga tsingaron, sai maganar ta zo bakina. Kamar yadda Hajara take yin nata." Na tambaye ta ko a garinsu akwai mai wannan suna. Ta ce ba ta taɓa jin sunan ba sai a bakinta.

Daga nan abu ya lalace. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin kalmar da aka fara raɗawa ba. Wasu suka ce iskoki ne a kanta. Wasu suka ce a'a, mai ganin abin da ya shige ƙasa ba ta rasa maita. Mata suka daina karɓar abincinta. In ta fito tsakar gidansu sai a janye yara. Aka yi rashin sa'a jaririn maƙwabciyarta ya kama zazzaɓi a makon, irin zazzaɓin da kowane yaro yake yi da damina, amma aka ce ga shi nan an fara. Dangin Sani suka matsa masa ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Yarinyar da fari ya cinye garinsu, iyayenta sun watse, ina za a mayar da ita? Aji kuwa babu mai zuwa. Nakan je in zauna ni kaɗai a rumfar. Ruwa ya wanke zanen tokar, amma tsingaron yana nan inda ta ajiye shi, babu wanda ya yarda ya taɓa, har masu shara suna kewaye shi. Asabarin Iya Kulu kuma a sake, an ce ko abinci sai an yi da gaske take ci.

Da Malam Isiyaku ya zo zagaye, na fito zaure na zayyana masa. Duk rahar nan tasa ta ɗauke. Ya ce, "Malama Rakiya, in maganar nan ta isa ofis a matsayin ajinmu yana kiran aljanu, ba naki kaɗai za a rufe ba, duk na matan yankin nan ne. Shekara nawa muka yi muna roƙon mazan nan su bar matansu su yi karatu?" Na ce ni ba ajin ne ya fi damuna ba, yarinyar ce. Ya ce, "Duka biyun a wuya ɗaya suke rataye."

Ya roƙi mai unguwa a zauna. Aka taru a zauren da hantsi: mai unguwa, da Alaramma Garba mai tsangayar garin, da Malam Isiyaku, da Sani a rakuɓe kamar wanda ya yi sata, da wasu dattawa. Ni da Barira muna daga ciki, bayan ƙofa, inda za a ji muryarmu.

Alaramma mutum ne mai adalci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya fara da cewa jifan musulma da maita ba tare da hujja ba babban zunubi ne, kuma duk wanda ya yi zai amsa a gaban Allah. Sannan ya ce, "Amma tambaya tana nan. Yarinya baƙuwa ta faɗi abin da aka binne tun kafin a haifi uwarta. In wani ya gaya mata, a faɗa, magana ta mutu. In kuwa babu, to wasan nan yana buɗe ƙofar da ba mu san abin da ke bayanta ba, kuma ba zan ce a ci gaba da shi ba."

Mai unguwa ya ɗaga murya ya ce, "Barira, wa ya gaya miki?"

Ta buɗe baki za ta ba da amsar da ta ba ni. Sai muka ji ƙarar sanda a bayanmu. Iya Kulu ce, ta rame, ta yafa wani tsohon saƙi. Ta wuce mu ba ta ko kalle mu ba, ta shiga zauren. Maza suka gyara zama. Ɗanta ya miƙe ya ce, "Iya, da kin aiko."

Ta ce, "Zauna, Haladu. Ni na gaya mata."

Duk suka juyo suna dubanta.

Ta ce, "Ranar da ta zo taya ni gurzar auduga, ina ta surutuna na tsufa, na ba ta labarin Tasalla kaf, har da ƙofar yamma. Na manta na faɗa. Da na ji a bakinta sai abin ya buge ni. Ita kuma kunya ce ta hana ta cewa a bakina ta ji. Yarinyar kirki za ku kora saboda mantuwar tsohuwa?"

Barira ta juyo ta dube ni, idonta a waje, tana girgiza kai. Na damƙe hannunta da ƙarfi har sai da ta runtse ido. Ta sunkuyar da kai.

Na ji yadda numfashi ya sauka a zauren. Alaramma ya ce alhamdu lillahi, ya yi wa dattawan nasiha mai zafi a kan zato, ya ce duk matar da ta ƙi abincin Barira ta je ta nemi gafararta. Sani ya fashe da kuka a gaban manya. Malam Isiyaku ya hau kekensa yana cewa ai dama ya san za a rina. Aka ce aji ya ci gaba.

Bayan kwana biyu Iya Kulu ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata godiya. Na ce, "Iya, ashe ke kika ba ta labarin. Kin ga duk mun tsorata a banza."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "'Yar nan, yarinyar nan ba ta taɓa taya ni gurza ba. Gaisuwa ce kaɗai tsakanina da ita."

Na ce, "To, ta yaya ta sani?"

Ta ce, "Sunan da cindon da ƙofar, wani tsoho zai iya faɗa, ta tsinta a wani wuri. Amma maganar wutar fa? Da aka tambaye ni ran nan, cewa na yi ban ga fitarta ba, ƙila wasa ta tafi. Innarmu ta mutu ba ta sani ba. Babanmu bai sani ba. Mijin da na zauna da shi har ya rasu bai sani ba. Daga ni sai Allah sai ita." Ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Abu ɗaya nake so. Ki sake zana garin."

Na so in ƙi. Tsoro nake ji, kuma na san in wani abu ya sake faruwa babu ƙaryar da za ta cece mu. Na ce sai in Barira ta yarda. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Matar da ta tsaya mini a gaban maza, me za ta roƙa in hana ta?"

Muka zaɓi ranar da matan gidan suka tafi suna, da rana tsaka, mu uku kaɗai a rumfar. Na zana garin da toka kamar kullum. Iya ta ciro wani ɗan dutsen ado daga wuyanta ta ajiye a cikin gidan tsakiya, ta ce, "Wannan Kulu ce, shekararta goma, tana jin sanyi." Barira ta zauna a gaban tsingaron. Ni ce mai jan labari, amma wallahi ban san abin da zan ce ba. Sai kawai na ce, "An wayi gari, ruwa ya ɗauke." Na sa tafin hannu na share tokar katangar yamma.

Ba mu zaro kalma daga ƙoƙo ba. Barira ta sa yatsa ta turo tsingaron a hankali. Da hannun hagu ta turo shi, ita da nake koya wa rubutu da dama. Ya bi ta inda na share, ya tsaya a jikin dutsen. Ta ce, cikin muryar nan mai laushi, "Yaya, ga wutar. Ba ta mutu ba."

Iya ta ce, "Sannu, Tasalla. Sannu. Kin daɗe. Shigo ki zauna." Ta yi ta maimaitawa tana kuka marar sauti, har ta gaji. Barira ta yi ajiyar zuciya, ta dube mu, ta ce ƙishirwa take ji.

Da na zo tattara kaya na ɗauki tsingaron in ba Iya, sai na ji shi da ɗumi, irin ɗumin abin da aka sauke daga murhu ba da jimawa ba. A inuwa yake tun safe, kuma ƙasar wurin a jiƙe take. Na gaya wa kaina hannun Barira ne ya ɗumama shi. Yatsa ɗaya ta sa masa. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, ko maigidana.

Ajin ya ci gaba har aka yi mana wani canjin. Barira ta ƙirƙiro wata mai tallan fura mai yawan faɗa, ta yi ta ba mutane dariya da ita, kuma tana cikin waɗanda suka fara iya karatu sosai. Na taɓa tambayarta Tasalla fa, ta ce, "Malama, ko na nema ba na samun komai. Kamar ɗakin da aka kwashe kaya." Iya Kulu ta koma cin abincinta da kaɗinta, ta riƙe Barira kamar jikarta, har ta rasu bayan damina biyu. Ni kuwa na yi shekaru ina juya abin, ban samo masa bayani ba, kuma na daina nema.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in kika ce wa mutum ya ƙirƙiro wani, kada ki ɗauka wasa kawai kika buɗe. Ba ki san daga ina zai ɗebo ba, shi ma sau da yawa bai sani ba. Saboda haka kada ki matsa wa wadda ta ce ba ta shirya ba. In ana wasan, kada idonki ya tsaya kan mai magana, ki riƙa duban fuskokin waɗanda ke zaune a gefe. In kuma abu ya fi ƙarfinki, kada ki yi saurin rubuta rahoto; ki nemi tsofaffin gidan tukuna. Mu an koya mana yadda ake sa mutum ya karanta kalma. Iya Kulu ko alli ba ta taɓa riƙewa ba har ta koma ga Allah, amma ta shiga zauren nan da tsoron da ya fi na kowa a cikinta, ta zaɓi ta ɗauke shi ita kaɗai don wata baƙuwa ta samu wurin zama. Allah Ya jiƙanta, Ya haɗa ta da ƙanwarta.